Mantuwa daban, kashe zafi daban

Ɗana, ka tambaye ni game da saurayin nan da aka mayar wa da kafaɗa bayan an yi masa allurar midazolam, maganin kwantar da hankali. Ka ce yana ta ihu yana fizge-fizge lokacin da ake jan hannun, amma da ya wartsake sai ya ce shi bai ji komai ba, har da godiya. Shi ne kake cewa, tunda bai tuna ba, me zai sa a ɓata maganin kashe zafi a kansa?

Ya ji, ɗana. Ya ji sarai. Ajiyewa ce kawai bai yi ba.

Idan aka taɓa ciwo, jijiya ce ke ɗaukar saƙon ta kai shi laka, laka ta miƙa shi sama zuwa ƙwaƙwalwa, a can mutum yake sanin ana yi masa abu mai zafi. Ajiye abin da ya faru kuwa aikin wani ɗan sashe ne can ciki ta wajen kunne, ɗaya dama ɗaya hagu, da ake kira hifokamfus. Ka ɗauke shi kamar akawun kanti: ciniki na gudana, shi yana rubutawa. Midazolam da diyazefam da furofofol duk suna ƙara wa sinadarin GABA ƙarfi, wato sinadarin da ke lafar da ƙwaƙwalwa, kuma akawun nan shi ne na farko da alƙalami ke suɓuce wa. Adadin maganin da zai hana ajiyewa bai kai wanda zai sa barci ba. Shi ya sa za ka ga mutum ido biyu, ka ce ya ɗaga hannu ya ɗaga, bayan awa ɗaya ya rantse bai taɓa ganinka ba, alhali sunan unguwarsu da abin da ya karya da shi duk suna nan. Amma hanyar zafin, daga kafaɗa zuwa laka zuwa sama, a buɗe take. Waɗannan magunguna ba sa rufe ta.

An taɓa gina sana'a guda a kan irin tunanin nan naka. A farkon ƙarni na 20, likitoci a birnin Freiburg na Jamus suka riƙa ba masu naƙuda ɗan mofin kaɗan na rage zafi da sikofolamin mai kawo mantuwa, wajen 1914 abin ya bazu a Amurka. Matan suna kururuwa suna buge-buge har sai an ɗaure su a gado, da safe a miƙa musu jariri su ce ba su san sun haihu ba. Aka daɗe ana kiran wannan haihuwa ba wahala.

Abin da ya fi damuna shi ne jiki yana da nasa lissafin. Dubi na'ura lokacin da ake jan hannun: bugun zuciya ya haura, jini ya hau, gumi ya tsatsafo a goshi. A saurayi mai ƙarfi wannan zai wuce. A dattijo mai ciwon zuciya yana iya zama ajali. Har cikin shekarun 1980 ana yi wa jarirai tiyata da ɗan maganin barci da na zafi da bai taka kara ya karya ba, ana cewa ai ba za su tuna ba. A 1987 likita Anand da abokan aikinsa a Oxford suka nuna cewa bakwainin da aka ƙara wa fentanil, maganin kashe zafi mai ƙarfi, lokacin tiyata jikinsu bai rikice kamar na sauran ba, kuma matsalolinsu bayan aiki sun yi sauƙi. A 1997 kuma wata mai bincike, Taddio, a Toronto ta gano cewa jariran da aka yi wa kaciya ba maganin kashe zafi sun fi nuna jin zafin allurar rigakafi bayan wata huɗu zuwa shida. Ita ma laka tana koyon zafi. Masanin jijiyoyi Clifford Woolf ya nuna haka tun 1983. Idan aka bar saƙon ciwo yana ta dukanta, sai ta zama mai saurin ɗauka, mutum ya tashi da zafin da ya fi ƙarfin rauninsa, wani ma ya bi shi watanni.

Ketamin, da muka fi dogara da shi inda kayan aiki suka yi ƙaranci, shi nasa daban ne. Yana toshe ƙofar NMDA, wadda zafi ke bi a laka, hifokamfus ma yana bukatarta wajen ajiyewa, don haka yana kashe zafin da gaske, yana kuma kawo mantuwa. Ido a buɗe yana rawa, yawu na dalala, mutum ba ya nan. Sai dai mafarkinsa na da ban tsoro wa manya. Ka bar shi ya farka a wuri mai shiru, kada 'yan'uwa su taru a kansa suna jijjiga shi.

Akwai kuma kishiyar abin da ka gani, ita ce ke hana mai sana'ar sa barcin tiyata barci. Maganin sakin jiki irin su sakzametoniyam ba ya sa barci, ba ya kashe zafi, ba ya kawo mantuwa. Idan iskar barci ta ƙare a tukunyar na'urar sa barci ko allurar hannu ta goce ba ka lura ba, mutum yana ji, yana ajiyewa, ko yatsa ba ya iya ɗagawa. Babban binciken da aka fitar a Birtaniya a 2014 ya samu kusan mutum 1 cikin 19,000 da aka yi wa tiyata da cikakken barci ya kawo ƙarar haka da kansa, amma a matan da aka yi wa tiyatar haihuwa da cikakken barci, kusan 1 ce cikin 670. Don haka in ka ga hawaye na gangarowa ta gefen ido, ko bugu ya tashi ba dalili, kada hannunka ya fara zuwa kan maganin sakin jiki. Duba tukunya, duba allura, ƙara barci da maganin zafi. Kuma ka kama bakinka a ɗakin tiyata, ka ɗauka yana jin ka.

In an sake kawo mai gocewar kafaɗa, ka fara da maganin kashe zafi, ka ba shi mintunansa ya kama, sannan ɗan midazolam in da bukata. Haɗin nan yana danne numfashi, saboda haka iskar oksijin da jakar hura numfashi su kasance kusa da kai, na'urar yatsa mai auna oksijin a maƙale, idonka a kan ƙirjinsa. Tsoho ka rage masa midazolam sosai ko kada ka ba shi, yana rikita su kwana da kwanaki. Bayanin magani da ranar dawowa kuwa, kada ka faɗa wa wanda ka yi wa midazolam shi kaɗai. Ka kira ɗan'uwansa ka faɗa a gabansa, ka kuma rubuta a takarda ka ba su.