Amsa: Darussan CBT na intanet suna rage yawan tunani kuwa?

'Yar'uwa, kin ce mako biyu ke nan kina karanta darussan CBT (hanyar magance damuwa ta gyara yadda mutum yake tunani da halayensa) a intanet amma damuwar tana nan daram. Karatu kaɗai ba ya wadatarwa, sai an haɗa da rubutu.

Ki samu littafi, ki raba shafi gida biyar: abin da ya faru, tunanin da ya faɗo miki, nauyin damuwar daga 0 zuwa 100, hujjojin da ke gaskata tunanin da masu ƙaryata shi, sai kuma tunanin da ya fi kusa da gaskiya. Misali, ƙawarki ba ta amsa saƙonki ba, zuciya ta ce "fushi take yi da ni." Ina hujja? Babu. Wataƙila datarta ce ta ƙare. Daga nan ki sake auna damuwar. Ko daga 80 ta sauko 55, an ci gaba.

Gida na biyar ne ke kayar da mutane. Sai su rubuta "komai zai daidaita," alhali zuciya ba ta jin lallashi, hujja take nema.

Ki ba wannan rubutu minti 15 kullum, mako shida zuwa takwas. Amma in ci da barci sun gagara, ko tunanin cutar da kanki ya zo, ki ga likita a ranar.