Me ya sa aka goge tarihin garinmu daga Wikipedia?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na rubuta muƙala a Wikipedia kan kafuwar garinmu, kuma duk abin da na sa daga bakin dattawa na ji shi, har da limamin gari. Ba a jima ba aka goge ta, wai babu madogara. Ke nan ana nufin iyayenmu ƙarya suke yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba wanda ya ƙaryata su. Editan da ya goge muƙalar bai san ka ba, bai san liman ba, kuma ba shi da hanyar da zai bi ya tabbatar da abin da aka faɗa maka. Ƙa'idar ita ce duk bayanin da aka sa, ya zama mai karatu zai iya bin sawunsa har inda aka fara wallafa shi. Kusan kamar isnadi ne a wajen malaman hadisi: kafin a karɓi magana sai an san ta hannun wa ta biyo. Akwai kuma ƙa'idar da ta hana mutum sa binciken da ya yi da kansa, kuma hirarka da dattawa a nan ta faɗa.

Wannan tsanani yana da dalili. A 2005 wani ya rubuta ƙarya a Wikipedia kan ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler, ya alaƙanta shi da kisan tsohon shugaban Amurka John F. Kennedy, ta yi watanni a shafin ba a lura ba. Bayan haka ne aka ƙara matsawa, musamman kan tarihin mutanen da ke raye.

Ni dai ina ganin ƙa'idar tana cutar da al'umma irin tamu, wadda mafi yawan tarihinta a ka yake, kuma masu riƙe da shi kullum raguwa suke yi. Amma da mafita. Ba sharaɗi ba ne madogara ta kasance da Turanci ko a intanet. Tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939, tana iya zama hujja, haka rahoton Aminiya ko na BBC Hausa. Ka leƙa Arewa House, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna, da sashen tarihi na jami'ar da ke kusa da ku, mai yiwuwa wani ya riga ya rubuta kundin digirin digirgir kan yankinku. Rubutun Facebook da saƙon WhatsApp kam ba sa shiga.

In ba ka samu komai ba, ka naɗi muryar dattawan tun suna da rai, ka kai wa ɗan jarida ko malamin jami'a ya bincika ya wallafa. Daga nan sai ka sake rubuta muƙalar, ka sa sunan marubuci da shekara da lambar shafi a ƙarƙashin manazarta.