Guzuri, tsaraba da sallama: amsa ga Auta kafin tafiyarta Ruwanda

Auta, ɗiyata,

Saƙonki ya iso ni. Kin ce ƙungiyar da za ta kai ku aikin sa-kai Ruwanda na wata shida ta aiko da takardar abin da za ku ɗauka, babbar jaka ɗaya mai kilo 23 da ƙaramar ta hannu, ga Innarki kuma ta tara miki kilishi da garin fura da cuku da daddawa har sun cika kwalla. Kina tambaya ko guzurin nan dole ne a al'ada, ko ana kai wa mutanen da aka je taimako tsaraba, kuma ko sai kin bi gida-gida kin yi sallama. Na ji daɗi da kika tambaya, domin da yawa daga cikin sa'anninki sai dai a ga hotonsu a filin jirgi.

Guzuri ba cika ciki ba ne kawai. Fataken da suke bin hanyar Gwanja sayen goro, da alhazan ƙafa da suke ratsa Cadi da Sudan har bakin teku, ba don suna zaton babu abinci a gaba suke ɗaure garin gero da ƙuli-ƙuli da busasshen nama ba. Suna yi ne don kada su faɗa wa mai masauki hannu rabbana, su zame masa nauyi. Addini ma haka ya ce. Ayar nan ta 197 a suratul Baƙara, mai cewa ku yi guzuri, ta sauka ne a kan wasu mutanen Yaman da suke fita Hajji ba su ɗauki komai ba, suna cewa sun dogara ga Allah, in sun isa Makka kuma su koma roƙon mutane. To ke da za ki je da sunan taimako, abin kunya ne a wayi gari masu masaukinki ne suke fama da ke, yau aron kuɗi, gobe neman magani, jibi ba ki iya cin abincinsu. Da wannan ma'aunin za ki auna duk abin da zai shiga jakar nan. Abin da zai hana ki zama wahala ga mutane, shi ne guzurinki, ko da bai yi kama da na kakanninmu ba.

Saboda haka takardu ne a gaba. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya mutu. Katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa, ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka kada ki bari sai satin tafiya. Tun 2016 kuma allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, in kina da tsohon kati ki nemo shi. Ki yi kwafin kowace takarda kashi biyu, ɗaya a ƙasan babbar jaka, ɗaya ki bar wa babanki, sannan ki ɗauki hotonsu a waya. Kuɗin hannu ki canja su zuwa yuro ko dalar Amurka tun a Yamai, domin sefarmu ba ta ci a can. Maganin zazzaɓin sauro da sange, da duk wani magani da likita ya ɗora ki a kai, su tafi cikin kwalinsu tare da takardar likita. Na yi shekaru ina aikin jinya, na san abin da ƙwaya ba suna a ƙullin takarda take jawo wa mutum a gaban ma'aikatan kwastan.

Yanzu kwallar Innarki. Kada ki ce mata ba kya so. Uwa ba ta da hanyar bin ɗiyarta cikin jirgi sai ta abin da hannunta ya daka. Ki zauna kusa da ita a tabarma ku zaɓa tare. Yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, gabu, daddawa kaɗan, ƙuli-ƙuli, waɗannan ba su da nauyi, ba sa lalacewa, kuma su ne za su cece ki. Abincin mutanen can wake ne da ayabar dafuwa da dankali da miyar ganyen rogo, ba su cika barkono ba. Cokali ɗaya na yajin Inna a kan wake zai sa ki cinye kwanonki ba tare da kin ɓata wa matar gidan rai ba. Daddawa dai a rufe ta gam a gwangwani, in ba haka ba duk zannuwanki sun ɗauka. Kilishi da cuku kuwa wani zance ne. Ƙasashe da dama ba sa barin matafiyi ya shiga da nama ko kayan nono, Tarayyar Turai ma ta hana kwata-kwata. Ki tambayi jagoranku a rubuce. In bai ba ki tabbaci ba, kilishin nan ya zama na mota: daga Maraɗi zuwa Yamai sama da kilomita 600 ne, ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ki ci ki ba na kusa da ke. Shi ma guzuri ya yi aikinsa.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne leda. Tun 2008 Ruwanda ta haramta ledar zuba kaya, kuma da gaske suke, a filin jirgin Kigali ake karɓewa. Mu ma an yi mana irin dokar a 2014, amma ki dubi bishiyoyin bakin kasuwa ki ga yadda baƙar leda ta maƙale musu. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Duk ƙullin da Inna ta yi a leda sai an kwance. Ki kai wa tela ƙyallayen atamfa ya ɗinka miki ƙananan jakunkuna masu zariya, sauran a zuba a gwangwanin madara.

Tufafi ba sai na tsawaita ba. Kigali tana kan tudu, wajen mita 1,500 sama da teku, dare yana sanyi kamar farkon hunturunmu, ruwan sama kuma kashi biyu ne a shekara, mai yawan daga Maris zuwa Mayu. Rigar sanyi, rigar ruwa, rufaffen takalmi mai riƙe ƙasa don hawa da gangara, hijabai marasa nauyi masu saurin bushewa, zannuwan aiki, da kaya masu kyau guda ɗaya na Juma'a ko taro. Gwal ɗinki ya zauna a gida. Wanda ya je aiki cikin talakawa ba ya zuwa yana ƙyalli. Turare da humra in sun wuce mililita 100 ba sa shiga jakar hannu, batirin cajin waya kuma akasin haka ne, a hannu ake riƙe shi.

Ki sa darduma mai naɗewa da ƙaramar buta. Musulmi kaɗan ne a ƙasar, ko da yake unguwar Nyamirambo a Kigali akwai masallatai da mahauta na halal. Kuma kada ki tsaya ki fuskanci mafitar rana yadda kika saba. Daga can Makka tana arewa ne, da ɗan karkata zuwa gabas. A hanya kina iya yin ƙasaru, amma da zarar kin sauka da niyyar zaman kwana huɗu ko fiye, sai ki cika sallarki, haka yake a mazhabarmu ta Malikiyya.

Batun tsaraba, ki kai. Ban yarda da masu cewa wanda ya je taimako ya riga ya ba da kyautarsa ba. Wannan tunanin ne yake sa ɗan sa-kai ya shiga gidan mutane yana jin shi ne mai bayarwa su ne masu karɓa. Gaskiyar magana ita ce su za su ba ki ɗaki, su nuna miki hanyar rijiya da kasuwa, su yi haƙuri da gurguwar gaisuwarki. Ke ce baƙuwa. Tsaraba ita ce take faɗa wa mai gida cewa tun kafin ki gan shi kin san da darajarsa. Ba tsada ake nema ba, abin garinku ake nema. Mu kuma Allah ya ba mu jar akuya wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje. Ki je wurin dukawa ki zaɓi ƙananan alabe da maƙalan makulli, ki shinshina ki tabbata jimar ta yi, ba mai ɗoyi ba. Ki haɗa da turmin atamfa ɗaya na matar gidan da za ki sauka, da faifai biyu masu launi. Ki miƙa da hannu biyu, a cikin gida, ba a gaban taro ba, kuma ba da waya a ɗage ana ɗaukar hoto ba. Alawa da kuɗi ga yaran hanya kuwa ki bari. In kina da abin ba yara, ki ba malaminsu ko iyayensu su raba, kada ki koya wa ɗan wani miƙa hannu.

Akwai al'ada ɗaya da zan ce ki taka mata birki, ita ce ta saƙo. Da an ji za ki hau jirgi, wani zai zo da ƙulli ya ce a kai wa ɗan'uwansa. A da karɓa ake yi ba tambaya, amana ce. Yau duk abin da aka samu a jakarki naki ne a gaban doka, kuma kin san yadda ƙwayar taramol ta yi yawa a garuruwanmu. Wanda ya kawo saƙo ya kwance shi a gabanki da gaban babanki. In ya ji haushi, ki ce Gwaggo ce ta hana, ni na ɗauki laifin.

Sallama kuma ba ta waya ba ce, zuwa da kai ya fi saƙo. Ba sai kin zaga Maraɗi duka ba, amma kakanninki na ɗaki biyu, da ƙannen babanki da yayyensa, da kawunnanki, da maƙwabtan da suka goya ki, da malamin da ya koya miki karatu, waɗannan ki taka ki durƙusa. Kada su ji labarin a Facebook kafin su ji daga bakinki. Ki nemi gafara, ki biya ɗan bashin da ke kanki ko na dala biyar ta sefarmu ne, ki mayar da abin aro. Abin da tsoho ya damƙa miki, ko goro ɗaya ne, ki karɓa da godiya. Ranar tashi ba sai kowa ya sani ba, wannan ma tarbiyyar gidanmu ce. In Inna ta yi sadakar masa da safe, ki taya ta rabawa. Rubutun da malam zai ba ki, ki sha a gida, ba a ɗura shi a gora a nufi filin jirgi. Babanki zai yi miki addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa matafiyi, ta damƙa wa Allah addininki da amanarki da ƙarshen ayyukanki. Ki tsaya ki saurara, kada hankalinki ya tafi ga mota.

Abu ɗaya kuma game da bakinki. A nan tambayar mutum ƙabilarsa ba komai ba ce, da ita muke buɗe wasan taubasantaka, wanda har UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014. A Ruwanda kada ki kuskura. Kisan ƙare dangi na 1994 ya taɓa kusan kowane gida, kuma daga 7 ga Afrilu kowace shekara suke shiga makoki. Kada ki tambayi kowa ko shi wane ne, kada ki tono zancen sai in shi ya kawo, in ya kawo kuma ki yi shiru ki ji. Amma akwai inda za ki ji kamar kina gida: Asabar ɗin ƙarshen kowane wata da safe suna fita aikin gayya da suke kira Umuganda, shara da gyaran hanya da ginin ajin makaranta, irin abin da muka yi a ƙungiyar matasa ta Samariya zamanin Shugaba Kunce. Ki ware tsohon zane ɗaya saboda ranar, ki fita tare da ƴan unguwa ko ba a kira ki ba.

Ki bar sarari a jakar, kamar kilo uku, kuma ki ware ɗan kuɗi tun watan farko, domin tsarabar dawowa ta fi ta tafiya yawan masu jira. Ganyen shayinsu da kofinsu masu kyau ne, kuma suna rabuwa gida-gida ba tare da kin yi ɓarna ba. Ranar Laraba bayan la'asar ki kawo jakar gidana, na ari ma'auni wurin mai sayar da hatsi, mu auna ta tare kafin ku rufe.

Gwaggonki