Tsoffin Wasanni da Fayilolin ARC, LZH da ARJ: Daga Ina Suka Fito?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sauke tsoffin wasannin kwamfuta na zamanin tsarin DOS da kwamfutar Amiga daga shafin Internet Archive, amma sunayen fayilolin sun ƙare da ARC, LZH da ARJ, kuma kwamfutata ta ƙi buɗe su. Me ya sa mutanen wancan zamani ba su tsaya ga ZIP kawai ba? Wani ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin 1989 babu ZIP ma kwata-kwata. A lokacin, manhaja takan kai ga mutum ta hanya biyu: ko a faifan filofi, ko ta layin tarho daga kwamfutocin da ake kira BBS, inda mutum ke buga lamba ya sauke abin da wasu suka ajiye. Faifan da aka fi amfani da shi yana ɗaukar KB 360 ne kacal, kuma da modem (na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho) mai gudun bit 2400 a daƙiƙa sai an yi kusan minti 25 kafin abin da ke cikinsa ya sauka, kuɗin kira yana ta hawa. Shi ya sa ake buƙatar manhajar da za ta dunƙule fayiloli da yawa su zama ɗaya, ta kuma matse su.

ARC ce ta fara mamaye fagen, daga kamfanin SEA na Thom Henderson a 1985. Sai Phil Katz, wani matashi a Milwaukee ta Amurka, ya rubuta PKARC wadda ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. SEA ta kai shi kotu a 1988, aka sasanta, ya daina. Shekara ta gaba ya fito da PKZIP, ya kuma wallafa bayanin tsarin ZIP a fili domin duk mai so ya rubuta manhajar da za ta karanta shi. Masu BBS da dama, da ma suna jin haushin ƙarar, suka juya ajiyarsu zuwa ZIP. A ganina wannan buɗe tsarin shi ne ya ba ZIP tsawon rai, fiye da ƙarfin matsinsa. Har yau fayil ɗin APK na wayarka da takardar DOCX duk ZIP ne a ciki.

LZH kuwa aikin wani likita ne ɗan Japan, Haruyasu Yoshizaki, wanda ya saki LHarc, manhajar da ke yin irin waɗannan fayiloli, kyauta a 1988. Ta kafu a Japan, ta kuma zama abin hannun masu Amiga, har babbar ma'ajiyarsu ta Aminet ta riƙe ta. Masu Macintosh suna da tasu matsalar: fayilolinsu kashi biyu ne, manhajar da ba ta san haka ba sai ta yar da kashi ɗaya, shirin ya lalace. StuffIt, wadda Raymond Lau ya rubuta a 1987 yana ɗan makarantar sakandare, ita ce ta san yadda za ta adana duka biyun.

Ka ga ke nan zaɓin bai tsaya ga wadda ta fi matsewa ba. Mai rabon manhaja yakan fara tambayar kansa ko wanda zai karɓa yana da abin warwarewa, da kuma irin kwamfutar da ke gabansa. Don gudun wannan ciwon kai ne wasu ke yin fayil mai warware kansa, EXE ne da za ka kunna ya zube abin da ke ciki.

Maganar buɗewa: a Windows, 7-Zip kyauta ce kuma tana karanta LZH da ARJ. Ba ta karanta tsohuwar ARC, sai ka nemi PKUNPAK ko PKXARC ka kunna a cikin DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar DOS. A Mac, The Unarchiver tana buɗe SIT, wato fayilolin StuffIt, da galibin waɗannan. Fayil ɗin Amiga kuma ya fi kyau ka warware shi a cikin manhajar da ke kwaikwayon Amiga ɗin kansa, kamar WinUAE, don kada alamomin da ke jikin fayilolin su ɓace.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na samu GAME.ARJ tare da GAME.A01 da GAME.A02. Shin guda uku ne daban? Wata mai karatu daga Maraɗi.

Amsa: Barka kadai 'yar'uwa. Abu ɗaya ne aka yanka gida uku. ARJ, ta Robert Jung, ta yi suna a farkon shekarun 1990 saboda ta iya raba babban shiri daidai girman faifai, MB 1.44 kowane yanki, a ɗauka a aljihu a kai wa aboki. Ki tara su duka a jaka ɗaya, kada ki sauya sunan ko ɗaya. Ki saka ARJ.EXE a wurin, ki buɗe DOSBox, ki rubuta arj x -v game.arj, za ta bi yankunan ɗaya bayan ɗaya tana tambayarki ko ta ci gaba. Idan ta nuna kuskuren CRC, wato gwajin lafiyar fayil bai yi daidai ba, wancan yankin ya lalace, sai ki sake sauke shi kaɗai. Kafin ki kunna komai, ki bi fayilolin da manhajar kariya, domin ƙwayoyin cutar DOS da yawa ta irin waɗannan faifai suka yaɗu, wasu kuma suna nan kwance a cikin tsoffin ajiyoyi.