Me ya hana dakaru na musamman gamawa da 'yan tada ƙayar baya lokaci guda?

Ɗan'uwa, ka ce ga horo mai tsanani, ga kayan zamani, amma yaƙi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ai aikinsu ba riƙe gari ba ne. 'Yan kaɗan ne. Tawaga guda ta Green Berets, wani rukunin dakaru na musamman na Amurka, mutum 12 ce kacal, ciki har da ma'aikatan jinya biyu da masu sadarwa biyu. Da tsakar dare suke shiga, sanye da tabarau mai gani cikin duhu, jirgi marar matuƙi na leƙa musu daga sama, su cafke kwamanda ko su kuɓutar da waɗanda aka yi garkuwa da su, su fice kafin asuba.

Ƙashin bayan aikin kuwa bayanan sirri ne. Farmakin da dakarun Amurka suka kai garin Abbottabad na Pakistan a 2011, inda suka kashe Osama Bin Laden, bai kai awa ɗaya ba, amma shekaru aka shafe ana bin sawun ɗan aiken Bin Laden.

Kada ka ɗauka kashe shugaba ya gama yaƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a faɗa gidan da ba shi ba, a kashe farar hula. Daga ranar mutanen ƙauye za su kame bakinsu.

In shiga aikin soja kake so, nemi ofishin ɗaukar sojoji na hukuma, likita kuma ya duba zuciyarka da gwiwoyinka kafin ka fara atisaye.