Amsa: suna ɗaya, adireshi huɗu

Malam, ka ce a shagonka na Ƙofar Ƙaura ka buga nslookup, wato umarnin da ke nuna adireshin intanet na sunan shafi, sai adireshi huɗu suka fito wa suna ɗaya, har hankalinka ya tashi. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. DNS, tsarin da ke haɗa sunan shafi da adireshinsa, yana iya ajiye adireshi da yawa ƙarƙashin suna guda, na tsohon tsarin adireshi (IPv4) da na sabo (IPv6), kuma yakan juya jerinsu don kada nauyi ya taru kan saba ɗaya, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Burauza takan fara da na sama. In ya yi shiru kamar milisakan 250, sai ta ƙwanƙwasa na gaba.

Tsofaffin manhajoji ne ke damuna, masu riƙe na farko kaɗai. Na ga wata a nan Katsina ta tsaya cak da adireshin farko ya yi shiru, alhali sauran ukun suna aiki.