Tambayoyinku ga Likita: Raunukan Kayarwa da Karawa a Jiu-jitsu na Brazil

Likita, wata huɗu ke nan da na fara koyon jiu-jitsu na Brazil, wato kokawar da ake kayarwa, a shaƙe ko a murɗe gaɓa har abokin karawa ya sallama. Abokin atisayena ya kayar da ni, ƙafata ta kafe a ƙasa jikina ya juya, na ji ƙara a gwiwa, kuma kafin dare ta kumbura. Targaɗe ne kawai?

Malam, ƙarar da ka ji da kumburin da ya taso cikin 'yan sa'o'i suna sa likita ya zargi jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, ko guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu, domin irin wannan kumburi yawanci jini ne ya taru a cikin gaɓar. Ka dakatar da atisaye, ka ɗaga ƙafar, ka riƙa ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, sannan ka ga likitan ƙashi. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, sai hoton MRI, wanda ke nuna jijiyoyi da naman cikin jiki. Kada ka bari a ja gwiwar ko a murza ta da sunan gyaran targaɗe. Idan jijiyar ta tsinke har aka yi tiyata, akan ɗauki wajen wata tara kafin a koma karawa.

A kokawarmu ta gargajiya, da zarar mutum ya faɗi an gama, amma a wannan wasa faɗuwa ce mafarin gwagwarmaya, shi ya sa nake ganin kuskure ne a koya wa sabon shiga kayarwa kafin ya iya faɗuwa, wato ya manna haɓa a ƙirji, kuma kada ya tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu. Ko gwanaye ba su tsira ba: a 1980 zakaran Japan a kokawar judo, Yasuhiro Yamashita, ya karye a ƙafa sakamakon kayarwar da ake yi da ƙafafu kamar almakashi, wadda yanzu judo da IBJJF, hukumar jiu-jitsu na Brazil ta ƙasa da ƙasa, suka haramta.

Kunnen ɗana mai shekara 16 ya kumbura ya yi taushi bayan karawa. Zai sace da kansa?

Hajiya, kada a jira. Jini ne ya shiga tsakanin guringuntsin kunnen da fatar da ke ciyar da shi, kuma idan ba a zuƙe shi cikin kwana ɗaya ko biyu ba aka ɗaure wurin, kunnen na iya taurarewa ya dunƙule har abada. A asibiti ake wannan aiki, kada abokansa su huda masa da allura.

An shaƙe ni a karawa har na suma na ɗan lokaci. Akwai illa?

Shaƙar wannan wasa tana danne manyan hanyoyin jini biyu na wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa, kuma cikin daƙiƙa goma ko makamancin haka mutum na iya fita hayyacinsa. Mai lafiya yakan farfaɗo da zarar an sake shi, amma wani lokaci bangon hanyar jinin yana tsagewa ta ciki, abin da kan jawo shanyewar ɓarin jiki ko da bayan kwanaki. Idan ka ji matsanancin ciwon wuya ko na kai a gefe ɗaya, ko ganinka ya dushe, ko harshe ya yi nauyi, ko hannu ya saki, ka garzaya asibiti nan take. Ka riƙa taɓa abokin karawarka alamar sallamawa tun kafin idonka ya fara duhu.

Wani zagayayyen tabo mai ƙaiƙayi ya fito mini a hannu.

Da alama makero ne, wanda ake ɗauka daga fatar abokin karawa ko daga katifar atisaye. Ka shafa man maganin makero, terbinafine ko clotrimazole, na mako biyu zuwa huɗu, ka guji man da aka haɗa da sitiroyid, sinadarin rage kumburi da ƙaiƙayi, domin yana ɓoye cutar ta ƙara yaɗuwa, kuma ka ƙaurace wa karawa har sai likita ya duba. Ka yi wanka da sabulu bayan kowane atisaye, ka wanke rigar wasan da ɗamararta.